Yadda ɗalibi zai tantance ƙasar da ba a saba zuwa karatu ba

Ranar da ƙanena ya shaida mana a Argungu cewa Uganda zai tafi karatu, Baba ya ajiye carbinsa ya dube shi ya ce, "Kai, me ya haɗa ka da Uganda, ga Masar ga Saudiyya?" Yaron bai yi gardama ba, sai ya durƙusa ya jero dalilansa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga cikinsu ne na tsamo matakan da nake ganin ya wajaba ɗalibi ya bi kafin ya biya ko sisi.

Ka fara da takardar shaidar da za ka dawo da ita, domin ita ce za ta bi ka har tsufa. Wanda ya yi karatu a waje ba ya zuwa bautar ƙasa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance digirinsa, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, iyaye da yawa suka shiga zullumi bayan sun sayar da gona da shanu. Saboda haka ka bincika matsayin jami'ar da kanka, kada ka tsaya ga bakin dillali, wanda kamashonsa kawai ya dame shi. In likitanci za ka karanta, ka sani jarabawar hukumar kula da likitoci ta Najeriya, wato MDCN, tana jiranka idan ka dawo.

Sai harshen koyarwa. Ƙanena ya zaɓi Jami'ar Musulunci da ke Mbale, a gindin dutsen Elgon, wadda aka buɗe a 1988 ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, saboda da Turanci ake karantarwa. Wanda ya nufi Rasha kuwa, galibi sai ya ɓata shekara guda yana koyon harshe kafin ya shiga aji.

Batun zaman lafiya ne ya fi tsaya mini a rai. Mun ga yadda ɗalibanmu suka tsere daga Yukiren a 2022, muka kuma ga waɗanda yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023 suna kwana a bakin iyakar Masar, iyayensu na riƙe da waya dare da rana. Ka tambaya ko Najeriya tana da ofishin jakadanci a ƙasar, kamar yadda take da shi a Kampala. Arewacin Saifuros, alal misali, Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da matsala ta taso.

Lissafin kuɗi ka yi shi na dukan shekarun karatu, kuma da dala, tunda darajar naira ta zube tun tsakiyar 2023. Ka haɗa da haya da abinci da kuɗin jirgi.

Daga nan ka yi fasfo da wuri, ka karɓi katin rigakafin shawara. Ka nemi wani ɗalibi da ke can ya gaya maka gaskiyar zaman, har da cimarsu, wadda a Uganda akasari dafaffiyar ayaba ce da suke kira matoke. Da Inna ta ji haka, sai ta ɗaure wa ƙanena kuka da daddawa da yaji a ƙasan jakarsa.