Yadda ƙauyukan kewayen Zariya za su haɗa kai su sama wa samarinsu aiki a gida

Duk wanda yake bin hanyar Giwa ko Hunkuyi ko Makarfi ko Soba ya san ana noma a ƙasar Zazzau ba na wasa ba, masara ne, waken suya ne, rake a Makarfi, tumatir da tattasai a Ikara da Kudan, amma da an gama kaka sai ka ga samarin gari sun watse, wannan ya tafi Kaduna acaɓa, wancan yana Abuja leburanci, kuɗin da aka samu a gona kuma ya bi dillali da bakaniken birni. Gaskiyar magana ƙauye ɗaya ba zai iya riƙe bakanike da aiki shekara guda cur ba, kuma ba zai cika tirela da hatsi iri ɗaya ba, amma ƙauyuka biyar ko shida za su iya. To ga yadda nake ganin za a bi abin.

Farko dai ku zaɓi abokan tafiya ta kasuwar da kuke ci tare, ku manta da iyakar ƙaramar hukuma. Mutumin Kudan da na Makarfi, kai har na Danja da ke jihar Katsina, hanya ɗaya suke bi, rake da tumatir ɗaya suke nomawa, dillalai ɗaya suke musu ciniki, to me zai hana su zama a tabarma ɗaya. Kar ƙauyukan su yi nisan da babur ba zai je ya dawo kafin azahar ba. A sa sarkin noma na kowane gari ya kira zaman, a sanar da dagaci da hakimi don girmamawa, a sa liman ya buɗe da addu'a, amma don Allah kar a ɗora ɗan takara a kujerar shugaba, kuma kar a fara abin ana gab da zaɓe, in ba haka ba rabin mutane za su ɗauka taron jam'iyya ne su ƙi zuwa.

A zaman farko ba a maganar rajista, ba a maganar tallafi. Littafi za a kawo da biro, a samu yaro mai kyan rubutu, kowane gari ya faɗi abin da a bara ya biya ɗan wani wuri kuɗi ya zo ya yi masa. Za ku sha mamaki. Injin ban ruwa ya lalace an ɗaure shi a bayan babur an kai Sabon Gari, an rasa kwana uku tumatir na shan rana. Injin casar masara sai an jira na wani gari ya gama da mutanensa. Wanda ya sayi famfon sola, tunda fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, in waya ɗaya ta tsinke sai an kira mai gyara daga Zariya an biya masa kuɗin mota. Masu feshi ba su san awon magani ba, murfin kwalba kawai suke cikawa su zuba. Kaji na mutuwa duk hunturu babu mai yi musu rigakafi. Wannan littafin shi ne jerin sana'o'in da za ku koya wa yaranku, domin kowace a ciki akwai wanda ya riga ya saba ciro kuɗi ya biya.

Anan ne nake da ja da irin horaswar da aka saba yi mana, a tara mutum ɗari a koya musu ɗinki na sati biyu a raba keke da satifiket a ɗauki hoto, alhali teloli uku sun ishi garin, bayan wata ɗaya ka tarar da kekunan a kasuwa. Ku kam ku kirga aikin kafin ku kirga yaran. In injinan ban ruwan da ke ƙauyukanku shida za su riƙe bakanike biyu ne, to biyu za a tura, ba goma ba, kuma a tura su wajen ogan da yake aikin da hannunsa, su zauna wata shida ko shekara, ƙungiya ta ɗauki abincinsu da wurin kwana. A rubuta yarjejeniya a gaban iyayensu cewa in sun dawo za su yi aiki a yankin na wani lokaci kafin su tafi wani wuri in suna so, ku kuma ku yi alkawarin su za ku riƙa kira kuma za ku biya su kuɗin hannu, ba "ai ɗanmu ne, Allah ya yi albarka" ba. Da yawa daga cikin yaran da suka gudu birni da sana'a a hannu bashin 'yan uwa ne ya kore su.

Wani abin da yake ba ni haushi kuma yake ba ni ƙwarin gwiwa a lokaci guda shi ne ilimin yana nan a ƙofar gidanmu. Cibiyar IAR ta Samaru tun 1922 ake binciken noma a wurin, tun kafin a kafa ABU a 1962, su ne masu irin SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa, wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke cin furen wake a 2019 aka fitar da shi. NAERLS na nan, aikinsu kenan isar da bincike ga manomi. NAPRI na Shika su ne na dabbobi da kaji, kazar ShikaBrown tasu ce. NILEST na Samaru na koyar da jima da aikin fata, ga Nuhu Bamalli Poli ga masu son lantarki da kanikanci, ga malaman gona na KADA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kaduna, da ke da shiyya a Maigana. Mutum ɗaya in ya je zai iya ƙarewa a bakin get, amma wasiƙa mai hatimin ƙungiya da sa hannun sarakunan noma shida tana shiga ofis. Kuma ku rubuta abu takamaimai, kar ku ce "muna neman taimako", ku ce muna da samari takwas muna so a koya musu awon maganin feshi da kariyar jiki kafin damina, za mu kawo su ko mu ɗauki kuɗin motar malami ya zo. Ku ware wa malaman ɗan fili a bakin hanya su yi gonar gwaji, manomi in ya ga zangarniya da idonsa ba ya buƙatar lacca.

Sai maganar sayarwa, wadda ita ce za ta biya duk sauran. Ku nemi mai saye tun kafin shuka. Kamfanin abincin kaji na Olam da aka buɗe a Chikun a 2017 da ire-irensa masara da waken suya suke nema da yawa, ga manyan 'yan kasuwar Dawanau da Saminaka, amma babu mai turo tirela saboda buhu ashirin. Tirela tan 30 take ɗauka, buhu 300 kenan na kilo ɗari, kuma so suke ya zama iri ɗaya, busasshe, ba tsakuwa ba ruɓa. Ku tura mutum biyu su tambayo sharuɗɗan, ku dawo ku shuka iri ɗaya. Shanya a kan tamfol za a yi, ba a ƙasa ko gefen kwalta ba, saboda danshi ne ke kawo fumfunar da ke sa a mayar wa mutum da kayansa. In ba ku da na'urar awon danshi ku samu kwalba busasshiya, ku zuba gishiri busasshe da ɗan hatsin, ku rufe ku girgiza ku bari ya ɗan jima, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da saura, a mayar rana. A sayi sikeli ɗaya na ƙungiya, kowane buhu a auna a gaban mai shi a rubuta sunansa da kilonsa a ba shi rasit. Wake kuma buhun PICS mai ruɓi uku yana riƙe shi ba tare da an zuba guba ba. Duba ko a nan ma an samu aiki, mai awo, mai rubutu, mai gadin sito, 'yan dako, mata masu sheƙa da tsinta.

Matan nan kar a bar su a sheƙa kawai. Su ke riƙe da kaji da awaki, su ke yin ƙuli-ƙuli da awara da daddawa, kuma adashinsu ya fi namu tsari wallahi, a ba su kujera a kwamiti da bakinsu, kuma mai rigakafin kaji a samu mace tunda ita ce za ta shiga cikin gidaje ba tare da an tsaya neman izini ba.

Kuɗi shi ke kashe irin wannan tafiyar. Bayan kun yi kaka ɗaya tare kun ga juna, sai ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a jiha, ku buɗe asusu a banki, masu sa hannu uku daga garuruwa uku daban, ba a ajiye ko kwabo a gidan ma'aji. Kowane wata a karanta lissafi da ƙarfi da Hausa, a ɗauki hoton shafin a tura a gurup na WhatsApp. In kun sayi injin casa a rubuta layin wanda za a fara yi wa tun kafin masara ta nuna, bana a fara daga wannan gari baɗi daga wancan, kuma a riƙa cire kuɗin gyara daga kowane buhu da aka casa a ajiye gefe.

Ƙananan hukumomi kuwa sai a ƙarshe za ku je musu, da littafinku a hannu. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan ba su kuɗinsu kai tsaye kuna da hujjar tambaya. Ku roƙi abu ɗaya wanda ku ba za ku iya ba, kwalbatin da ke yanke hanyar kasuwa duk Agusta misali, in hanyar ta ratsa ƙananan hukumomi biyu ku kai wa ciyamomin biyu wasiƙa iri ɗaya rana ɗaya, kowa ya san an kai wa ɗan uwansa, kuma ku rubuta yawan buhunan da ke bi ta kanta.