Yadda na gyara garkarmu don keken Kawu ya shiga

Rairayin Tahoua kowa ya san shi, taya na shiga sai ta nutse, shi ya sa tun da Kawu ya koma kan keken guragu bai ƙara leƙa garkar bayan gida ba, shi da ya dasa zogalen nan da hannunshi. Abin na ci min rai wallahi.

Kuɗin siminti babu, sai na sa mai amalanke ya kawo jar ƙasa, munka zuba hanya mai faɗin mita 1 da ɗan ƙari, a yayyafa ruwa a daɓe, a sake, har ta yi tauri. Dakalin bakin ƙofa shi ne babbar matsala, tsayinshi santimita 20, kuma ƙa'idar gangara ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo, wato mita 2.4 ke nan, in ta fi haka tsaye keken na iya kifewa ta baya. Nan kaɗai na sa siminti kuma ban bari magini ya goge shi sumul ba saboda santsin damina.

Yakuwa da tumatir na maida su cikin rabin tano bisa bulo, daidai hannun wanda ke zaune. Tiyo na rataye kusa, yanzu shi ke ban ruwa da marece.