Yadda Ake Taron Suna ko Biki a Gidan da Ake Kiwon Kare

Aikin karen gadi shi ne hana baƙo shiga gida. Ranar suna kuwa tun bayan sallar asuba mutane ke tururuwa, mata da goyo, yara suna tsere a tsakar gida, ga guɗa ga kiɗa. Duk abin da aka horar da karen ya ƙi, shi ke faruwa a gabansa. Saboda haka ajiye maganar nan ta "ai ba ya cizo". Kai ne bai taɓa cizo ba. Ga yadda za ka shirya.

Na farko, duba takardar rigakafinsa tun ana sa rana, in kuma suna ne tun kafin haihuwa. Allurar ciwon haukan kare ana fara ta ne yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara a asibitin dabbobi. Ta farko tana ɗaukar makonni kafin ta kama jiki, don haka yin ta ana gobe taro ba dabara ba ce.

Na biyu, zaɓa masa wuri mai ƙofa da kwaɗo, ɗaki ko keji a bayan gida, nesa da rumfar baƙi da wurin girki. Kada ka ɗaure shi da sarƙa a gindin bishiya inda ake wucewa. Karen da ke ɗaure ba shi da hanyar gudu, idan yaro ya matso kuma ya tsorata, haƙori ne kawai ya rage masa. Wurin ya zama da inuwa da iska, da ruwa a kwano mai nauyi da ba zai kife ba, domin kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake sanyaya jiki, kuma ɗakin kwano a watan Afrilu na iya kashe shi. Fara saka shi can kwana biyu ko uku kafin taron, kana ba shi abinci a ciki, don ya saba. Da sassafen ranar, fita da shi ya zagaya ya gaji, ya ci, sannan ka rufe.

Na uku, mabuɗi a hannun mutum ɗaya, babba wanda karen ya sani. Ba maigida ba, shi yana can wajen gaisawa da jama'a. Yawanci a nan ake yin sake: wani ya buɗe don ɗauko tabarma ko bokiti, ya bar ƙofa. Kwashe duk abin da za a nema daga ɗakin tun ana gobe taro.

Na huɗu, yara. Gaya wa iyaye tun a ƙofa cewa akwai kare a baya kuma a rufe yake. Wasu baƙin ma ba sa son ya shinshina musu tufafi, balle masu alwala. Sa wata yayar yaran ta hana su leƙe, jifa, ko zura hannu ta ragar keji. Idan karen ya kuɓuce, yaro ya tsaya cak, ya naɗe hannuwa, kada ya yi ihu ko gudu, kada ya zura masa ido. Manya kuma su lura: kare mai yawan lasar baki, kunnuwa a kwance, wutsiya a matse, jiki a sandare, gargaɗi yake yi. Gurnani shi ne gargaɗin ƙarshe, a ja da baya kawai.

Na biyar, ragowar abinci. Ƙashin kaza da aka dafa yana tsagewa ya soke hanji. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, goro da cakulan da zabibi duk guba ne gare shi. A tattara shara a ɗaure kafin a sake shi da dare, bayan baƙo na ƙarshe ya tafi.

Idan duk da haka ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo. Kada a shafa barkono, toka ko ganye. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, a tafi da takardar rigakafin karen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamomi sun bayyana da wuya a rayu. Kada jama'a su kashe karen cikin fushi. A tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana duba shi, shi kuma wanda aka ciza ya fara karɓar allurarsa ba tare da jiran sakamakon ba.