Yadda Ake Gabatar da Kiɗan Zamanin Rinesans da Kayan Kiɗa Irin na Dā

Kiɗan da aka yi a Turai daga wajen shekarar 1400 zuwa 1600, zamanin da ake kira Rinesans, ya iso mana a rubuce, sai dai rubutun bai cika faɗin kayan da za a kaɗa shi da su ba, balle sauri ko ƙarfin sauti. Duk wannan yana wuyan makaɗin da zai fito gaban jama'a.

Da farko a duba wurin taron kafin a zaɓi kaya, domin makaɗan wancan zamani sun kasa kayansu gida biyu, masu amo da masu taushin murya. Idan fili ne ko babban zaure, sai a ɗauko shom, wadda 'yar'uwar algaita ce a ƙira da kaifin murya, a haɗa ta da ganga da sakbut, kakan ƙahon ƙarfen nan na yau da ake kira turombon. Idan kuwa ɗaki ne madaidaici, lut (mai tsirkiya da ake kaɗawa da yatsu) da bayol (mai tsirkiya da ake gogawa kamar goge) da sarewar katako sun fi dacewa. A ganina gara a rage yawan masu sauraro da a jingina lut da lasifika, domin lasifikar tana kashe laushin da aka zo ji.

Daga nan sai zaɓen kiɗa. Sabon ayari zai ji daɗin farawa da kiɗan rawa mai murya huɗu da mawallafin kiɗa Tielman Susato ya wallafa a birnin Antwaf na ƙasar Beljiyam ta yau a 1551, a sa rawar faban mai tafiyar ƙasaita a gaba, rawar galiyad mai tsalle ta biyo baya.

Saita kaya shi ne inda aikin yake. Tsirkiyar lut da ta bayol daga hanjin tumaki ake murza su, kuma hanji yana shan danshi yana bin zafi, ta yadda tsirkiyar da aka ɗaure daidai a gida za ta iya saki da zarar zaure ya cika da numfashin mutane. Don haka a kai kayan wurin aƙalla awa guda kafin lokaci, a buɗe akwatunansu su saba da iskar ɗakin. Mai sarewa ya ɗumama kan sarewar a hammatarsa, saboda sarewa mai sanyi muryarta ƙasa take yi. Tun da zamanin bai san ma'aunin sauti guda ba, a daidaita tun wurin gwaji ko 440 za a bi ko 466 (wato yawan girgizar sautin da ake saiti da shi a daƙiƙa guda), kuma masu tsirkiya ne ke bin masu busa, domin mabusa ba ta da maɗauri. Matakan da ke wuyan lut ma na hanji ne da aka ɗaura, ana iya gusar da su da ɗan yatsa har sautuka su haɗu ba tare da rawar murya ba.

Sannan a yi wa kiɗan ado. Makaɗin Sifaniya Diego Ortiz ya koyar da wannan a littafinsa na bayol da aka buga a Rum a 1553, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a kaɗa baiti yadda aka rubuta shi a karon farko, a maimaici kuma mutum guda ya cike tsakanin sautuka da gajerun gudu, sauran su riƙe masa gindi.

Ranar wasa a zauna kamar jinjirin wata don kowa ya ga idon ɗan'uwansa, tun da babu mai ba makaɗa umarni da sanda a gaba. Jan numfashin jagora shi ne alamar farawa. A jera kiɗe-kiɗen da ba sa buƙatar sabon ɗauri a wuri guda, sannan mai lut ya ajiye tsirkiya ta sama guda biyu a aljihu, domin ita ce mafi siranta kuma ita ke fara tsinkewa.