Yadda Ake Kammala Rabuwar Aure Idan Miji Soja Ne

Auren soja wuri biyu yake zaune. Akwai wanda aka ɗaura a gaban waliyyai da shaidu, akwai kuma wanda ke rubuce a fayil ɗinsa na aiki. Yawancin waɗanda ke shan wahala a barikin Shadawanka da ke Bauchi, ko barikin Gombe, na farkon kawai suke warwarewa, su bar na biyun yana nan daram, sai an yi shekaru rigima ta taso a kan gida, ko asibiti, ko kuɗin mamaci.

A fara da sanin inda za a kai magana. Kwamanda ba ya raba aure, kotun soja ma ba huruminta ba ne. Liman na bariki, da magajiya, wato shugabar matan bariki, da RSM, wato babban sajan-manjan runduna, aikinsu sulhu ne, kuma yana da kyau a bi ta hannunsu tukuna, amma abin da suka rubuta ba hukunci ba ne. Idan auren na Musulunci ne, kotun shari'a za a je a Bauchi, a Gombe kuma kotun yanki, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Idan kuwa auren rajista ne, babbar kotun jiha ce kaɗai ke iya raba shi, a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. A can dole mai ƙara ya nuna cewa auren ya lalace yadda ba ya gyaruwa, misali an yi shekara 2 ba a tare kuma ɗayan bai ƙi rabuwar ba, ko an yi shekara 3 ko da ya ƙi. Galibi ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, kuma hukuncin farko ba ya zama na ƙarshe sai bayan wata 3. Wanda ya yi sabon aure cikin waɗannan watanni ya jawo wa kansa wata shari'ar.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa: tabbatar da sakin kansa.

Soja yakan yi saki daga nesa. Yana fagen aiki a Borno ko Zamfara, rai ya ɓaci, ya kira waya ko ya turo saƙo. Idan lafazin a bayyane yake, sakin ya auku, nisa ba ya hana shi. Matsalar tana zuwa ne bayan wata biyar, ranar da ya dawo hutu ya ce shi bai saki kowa ba, ko ya ce ɗaya ya yi, ita kuma ta ce uku ta ji. 'Yar uwa, ranar da saƙon ya shigo kada ki goge shi don baƙin ciki, kada kuma ki sauya waya. Ɗauki hotonsa yadda lambar da ta turo da kwanan wata za su fito, ki tura wa waliyyinki, a buga shi a takarda kwafi biyu. Idan muryarsa ce ya naɗo, a ajiye ta a waya fiye da ɗaya. Idan kira ne kawai, waliyyinki ya kira shi a ranar, a gaban maza biyu adilai, ya buɗe sifikar wayar kowa ya ji, ya tambaye shi abu uku: ya saka ko bai saka ba, saki nawa, kuma yaushe. Ba cin fuska ba ne, kare ku ne ku duka biyun.

Kai kuma maigida, idan ka yanke shawara, rubuta da hannunka. Takardar ta ɗauki cikakken sunanka da lambar aikinka, sunan matar da na mahaifinta, adadin sakin da kalmomi, ko wannan ne na farko ko an taɓa yi a baya, kwanan wata na Musulunci da na boko, sai sa hannunka da na shaidu biyu. Saki ɗaya za ka rubuta, cikin tsarkin da ba ka kusance ta ba. Mai haɗa uku a layi ɗaya don ya huce haushi shi ne ke yawo gidajen malamai daga baya yana neman mafitar da babu ita.

Dalilin nacewa a kan kwanan wata shi ne idda. Mace mai al'ada tsarki uku za ta ƙirga, wadda ba ta al'ada kuma wata 3, mai ciki kuma sai ta haihu. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan miji ya zo daga baya ya ce ai tun tuni ya saka, alhali ba shi da shaida, daga ranar da ya faɗa za ta fara ƙirga. Ga matar soja wannan ba ƙaramar magana ba ce. Matuƙar tana cikin iddar saki ɗaya ko biyu, matarsa ce: ci da sha da wurin kwana suna kansa, yana iya mai da ita ba sabon sadaki, kuma idan Allah ya karɓi ransa a bakin aiki kafin iddar ta cika, tana da gadonsa, ta koma takaba ta wata 4 da kwana 10. Idan iddar ta cika kafin rasuwar, ba ta da gado. Tazarar mako ɗaya na iya raba waɗannan hukunce-hukunce biyu, kuma dangin mamaci ba za su yarda da ƙirgen baki ba. Shi ya sa nake ganin duk sakin soja ya kamata a kai shi gaban alƙali a karɓo takardar shaidar saki mai hatimin kotu, ko da babu jayayya ko kaɗan. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin lauya a rigimar gado. Abin da aka biya dai a karɓi rasit.

Kada ki kwashe kaya a daren da abin ya faru. Aya ta farko a Suratul Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta lokacin idda, ta kuma hana ta fita da kanta. Gaskiya ne gidan bariki na hukuma ne kuma da sunan sojan aka ba da shi, don haka bayan idda ba ki da hurumin ci gaba da zama. Amma kafin nan kada wani abokin aikinsa ya zo ya ce oga ya ce a ba da makulli ki miƙa. Je wurin magajiya da liman su kai maganar gaba. Idan akwai duka ko barazana, wannan daban ne, ki fita ki tsira da ranki, a sanar da alƙali dalili. Ranar tashi kuma, a rubuta kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya, gado, katifa, firji, kwanuka, keken ɗinki, wakilin kowane ɓangare ya sa hannu, a sanar da hukumar bariki tun kafin a kira mota, don kada masu gadin ƙofa su tsare ta da kaya a kai.

Idan ke ce mai neman rabuwa, hanya biyu ce. Ko hul'i, ki mayar da sadaki ko abin da kuka daidaita, wanda bayansa miji ba ya mai da ke sai da sabon ɗaurin aure. Ko ki nemi alƙali ya raba saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, nan kuma sai da shaidu, kuma ba za ki biya komai ba idan kin tabbatar. Mata da yawa suna gaggawar zaɓar hul'i don ya fi sauri, su yi asarar sadakin da bai kamata su mayar ba. Wajen sammaci, ki ba magatakarda lambar aikinsa, muƙaminsa da sunan rundunar da yake a yanzu, ki roƙi a aika ta hannun kwamandansa. Sammacin da aka kai gidan iyayensa a Azare ko Kumo alhali yana daji zama kawai zai yi, a yi ta ɗage shari'a.

Kafin a tashi daga kotu, a sa alƙali ya rubuta maganar yara cikin hukunci. A Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, idan uwar ta yi wani aure ya koma hannun kakarsu ta wajen uwa. Ciyarwa, makaranta da magani na uba ne. Kada a yarda da "zan riƙa turowa". A faɗi adadi, da ranar wata, da asusun da za a zuba. Dokar sojojin Najeriya ta ba hukumar soja damar cire kuɗi daga albashin soja don cika umarnin kotu na ciyar da iyali, amma sai akwai umarnin a rubuce za a samu abin kaiwa ofis. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Game da fansho, kada labarin Amurka ya ruɗe ki. Can dokar 1982 ta ba kotunan jihohi damar raba fanshon soja tsakaninsa da tsohuwar matarsa. A auren Musulunci a nan babu wannan rabon. Haƙƙinki shi ne ragowar sadaki idan akwai, ciyarwar idda, kayanki, da duk bashin da kike binsa.

Saura fayil. Maigida ya kai kwafin takardar kotu ofishin rundunarsa a buga rabuwar a odar runduna, wato takardar sanarwarta ta aiki, kamar yadda aka buga auren tun farko. Ya sake cike fom ɗin makusanci, wato wanda hukuma za ta nema idan wani abu ya same shi, domin sunan da ke kan fom ɗin shi za a kira, ko da an yi shekara goma da rabuwa. Wanda aka rubuta ba shi ne mai dukiyar ba, amana ce zai karɓa a raba wa magada bisa shari'a, sai dai fitar da kuɗi daga hannun da ya riga ya karɓa aiki ne ja. A inshorar lafiya a cire sunan uwa bayan idda, a bar na yara, katunansu kuma su bi wanda ke riƙonsu. Ke ma ki riƙe kwafin komai, da takardun haihuwar yaran na asali.