Kurakuran da Muke Yi a Tarukan Koyon Maganin Gargajiya, da Yadda Za Mu Gyara

Akwai wani madaci a bakin wata gona a hanyar Shika da na sani tun ina yaro. Bara da na bi ta wajen, na tarar an sassaƙe shi daga gwiwa har iya inda hannun mutum zai kai, an zagaye shi kaf, kamar an feɗe rago. Ganyensa na nan kore shar a ranar, amma duk wanda ya san itace ya san wannan kam ya tafi, lokaci kawai yake jira. Na daɗe tsaye a gindinsa. Na tabbata wanda ya yi aikin nan ya san darajar madaci, an gaya masa yana maganin ciwon ciki da zazzaɓi. Abin da ba a gaya masa ba shi ne yadda ake ɗiba.

Tarukan koyon maganin gargajiya sun yawaita a Zariya. Ƙungiyoyin masu magani suna yi, mata suna yi a Islamiyyu, ɗalibai suna yi, musamman idan 31 ga Agusta ta zagayo, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa maganin gargajiya na Afirka tun 2003. Ina murna da su, kuma ina zuwa duk wanda na samu dama. Zuwan ne ya sa na ga akwai kurakuran da muke maimaitawa, kuma mafi girmansu shi ne wanda ya kashe madacin nan.

Mai jawabi zai tashi ya yi awa guda yana lissafa amfanin marke, da na hano, da na taura, da na tsada. Mutane suna rubutawa, wasu suna ɗauka a waya. A tashi taro ba a ce uffan kan yadda za a ɗebo su ba. Mutum hamsin suka zo, mutum hamsin suka koma gida da sabon dalilin shiga daji da gatari. Idan ba a yi hattara ba, taron da aka kira don kare itatuwa shi zai ƙara musu masu sassaƙa. Gyaran kuwa a hannunmu yake: duk itacen da aka ambaci amfaninsa, a faɗi yadda ake ɗibarsa a wannan zama, kafin a wuce zuwa na gaba.

Kuma a bayyana dalili, don mutane sun fi riƙe abin da suka gane. Ruwa yana hawa daga saiwa zuwa ganye ne ta cikin itacen, shi ya sa bishiyar da aka zagaye take daɗewa da ɗanyen ganye. Abincin da ganye ya haɗa kuma yana sauka zuwa saiwa ne ta ɓawon ciki, mai danshin nan da ke manne da jikin itace. Ka yanke shi zagaye, ka yanke wa saiwa abinci, yunwa ta kashe ta a hankali. Iyayenmu sun san haka tun ba a rubuta ba. Shi ya sa za ka ji tsohon mai magani ya ce a samo masa sassaƙen gabas da yamma. Kowa da fassarar da yake yi wa wannan magana, amma a jikin bishiya ma'anarta a fili take: an ɗibi gefe biyu, an bar gefe biyu suna kai abinci. A yanki ɓawon a tsaye, siriri, da wuƙa mai kaifi, kada faɗinsa ya wuce tafin hannu, kada kuma a kai ga raunata itacen ciki. Bishiyar da aka ɗiba bana a ƙyale ta wasu shekaru har bakin ciwon ya haɗe. Ƙaramar bishiya kuwa ba a taɓa ta sam.

Saiwa ta fi haka hatsari. Sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, saiwarta ake nema, mai ƙamshin man zafi, kuma yawanci tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya alhali ba ta da saurin tsirowa. Tambayi masu kawo ta kasuwar Sabon Gari ko ta cikin birni, za su gaya maka tafiyar da ake yi kafin a same ta yanzu ta fi ta da. A koya wa mutane su tona gefe ɗaya, su yanki saiwar da ta yi kwance, su bar uwar saiwar da ta nutsa ƙasa, su mayar da ƙasa su danne. Inda kuma masana suka tabbatar ganye yana yin aikin da ake nema, a bar ɓawo da saiwa su huta.

Kuskure na biyu, zaman ɗakin taro. An jera kujeru, an kawo garin magani a ƙulle-ƙullen leda, an ɗaga ana cewa wannan sabara ce, wannan kalgo. Gari ai gari ne. Wanda ya koyi sabara a leda, ko ya taka ta a bayan dutsen Kufena ba zai gane ta ba. A raba ranar biyu: safiya a daji, ko a gona, ko a lambun tsirrai, yamma a inuwa ana tattaunawa. Kowa ya murza ganye ya sansana, ya duba bayansa, ya ga yadda ɓawon hano yake saɓulewa kamar takarda, ya ga tafasa kusa da rai-ɗore ya bambance su da idonsa, don 'yan gida ɗaya ne kuma sabon shiga yana rikita su.

Nan ne maganar suna take shigowa, kuma tana da nauyi. Itace ɗaya yakan yi suna uku. Wani ya ce hano, wani ya ce ararraɓi. Wani ya ce darbejiya, wani dogon yaro, wani bedi. Wani lokacin kuma suna ɗaya ne a kan tsirrai biyu, gwargwadon garin mai magana. Tun 1916 wani likita ɗan Birtaniya, Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, kuma masana sun saka sunansa a sunan hano na kimiyya, Boswellia dalzielii. Shekara fiye da 100 ke nan, amma har yau muna tashi daga taro kowa da itacen da yake nufi a ransa. Mu a Zariya ba mu da uzuri. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, tana da ɗakin adana samfurin tsirrai inda ake tantance su a ba su lamba, tana kuma da sashen nazarin magungunan da ake samu daga tsirrai a tsangayar harhaɗa magunguna. Abin da ake buƙata kaɗan ne. A yanko reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya idan akwai, don da su ake ganewa. A shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako da dutse, a riƙa canza jaridar kullum har ya bushe. A rubuta sunan da aka kira shi, da garin wanda ya kira shi haka, da inda aka samo, da kwanan wata. Taro ɗaya zai iya tara samfuri ashirin, kuma su ne za su zama littafin karatun taro na gaba.

Sai batun wanda ake bai wa abin magana. Sau da yawa masu manyan riguna ne a gaba, ana zuba Turanci, su kuwa maharbi da ungozoma da wanzami da maɗori da 'yar mai ganye suna can baya, sai an zo ɗaukar hoto a tuna da su. A wani zama na matsa kusa da wata dattijuwa mai sayar da ganye, na ce, "Iya, ke ba ki ce komai ba." Ta ce, "Ɗan nan, wa ya tambaye ni?" Da muka fita waje ta nuna mini kauci a kan wata ɗorawa, ta ce kada in kuskura in haɗa shi da kaucin wata bishiya, kowane kauci da uwarsa ake kiransa. A tsaye, cikin minti biyar, na ƙaru da abin da ban samu a ciki ba. A yi taron da Hausa. A zaunar da irin su Iya a gaba, a yi musu tambaya ɗaya-ɗaya, a yi haƙuri da yadda suke ba da amsa. Idan mata ba za su sake a gaban maza ba, musamman kan magungunan jego da na goyo, a ware musu zamansu.

Idan kuma mai magani ya ƙi faɗin haɗinsa, kada a ce rowa ce. Gadonsa ne, da shi yake ci da iyalinsa, kuma da yawa sun ga masu bincike sun zo sun rubuta sun tafi, ko na gode ba su dawo sun ce ba. Tun farko a faɗa musu me za a yi da bayanin, wa zai riƙe shi, kuma a nemi izini kafin a kunna waya. Wanda ya ce iyakarsa sunan itace, a karɓa da godiya. Akwai misalin da ke nuna ana iya yin abin da mutunci: maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta inganta, asalinsa haɗin wani mai maganin gargajiya ne, kuma sai da aka yi yarjejeniya da shi a rubuce. Cikin kayan haɗin har da masoro da kanumfari, abubuwan da ke kicin ɗin kowace Bazazzagiya.

Akwai wata magana da nake so a daina bari ta wuce a taro: "Ai na gargajiya ne, in bai yi magani ba, ba zai yi illa ba." Wannan ba gaskiya ba ce, kuma tsofaffin masu magani ba sa faɗinta. Zaƙami ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba. Ƙwayar idon zakara da ta zurma guba ne idan aka tauna. Ruwan tumfafiya yana lalata ido. Ita kanta sanya, in aka zarce da ita, tana kisa. Duk maganin da aka koyar a faɗi adadinsa da ma'aunin da kowa ya sani, cokali ko kofin shayi, a faɗi kwana nawa, a faɗi wanda bai kamata ya sha ba: mai ciki, jariri, mai ciwon ƙoda ko hanta. Mai shan maganin hawan jini ko na suga kada a sa shi ya ajiye na asibiti, kuma ya sanar da likitansa abin da yake haɗawa da shi. Yaro mai zazzaɓi da ya fara suma ko taune-taune, mace mai zubar jini, wanda maciji ya sara, waɗannan asibiti za a nufa da su nan take, a kuma faɗi haka da babbar murya. Ya kamata a ce kowane taro akwai likita ko mai harhaɗa magani a zaune, wanda yake girmama masu gargajiya, su ma suke sakewa da shi.

Daga nan kuma sai taro ya rikiɗe ya koma kasuwa. Wani ya karɓi lasifika ya ɗaga kwalba ɗaya, ya ce tana maganin basir da taifot da sanyi da daji da rashin haihuwa. Ba a hana kowa neman abinci, amma a ware wa masu sayarwa rumfa a waje. A kuma fahimtar da mutane cewa lambar NAFDAC da suke gani a jikin yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta an duba ba a ga cutarwa ba. Ba ta nufin hukumar ta tabbatar da duk abin da aka rubuta a kwalin.

Shanya ma ana mantawa da ita. Ganyen da aka baza a bakin kwalta, ƙura da hayaƙin mota da awaki suna bi ta kai, ya tashi daga magani. A shanya a inuwa mai iska, a kan tabarma ko buhu mai tsabta, sama da ƙasa. Abin da ya yi fumfuna a zubar, komai wahalar samunsa.

Dashe ne nake ganin muna asarar ƙoƙari mafi yawa a kansa. A rufe taro da dasa bishiya a ƙarshen Agusta, a yi tafi, a watse. Daminar Zariya tana ɗaukewa ne wajen farkon Oktoba, kenan dashen bai kama ƙasa ba hunturu ya same shi, ga gara, ga awaki. Sannan me ake dasawa? Darbejiya da turare, don su ne ake samu da sauƙi, alhali ba su ne ke ɓacewa ba. Madaci ne ke ɓacewa, da kirya da marke da ake ƙonewa gawayi, da kaɗanya mai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, da madobiya wadda saran da aka yi mata don kai wa ƙasar Sin ya sa a 2016 aka saka ta cikin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare tsirrai da namun daji, CITES, ke sa ido kan cinikinsu. Kowanne da halinsa. Irin madaci da ƙwaran kaɗanya ba sa jure ajiya, ana shuka su da ɗanyensu. Irin ɗorawa da na kirya fatarsu tauri gare ta, sai an ɗan kankare ta ko an jiƙa a ruwan zafi a bar shi ya kwana. Hano kuwa reshe kawai ake sarowa a kafa, shi ya sa ake shinge da shi. Wani lokacin ma ba sai an dasa ba. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suke barin tohon kututture lokacin sassabe, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su rage sauran, kuma da haka gonakinsu suka sake cika da itatuwa. Sabara da kalgo da ke gonakin Giwa da Soba za su karɓi wannan dabara.

Saboda haka a fara renon iri a leda tun Maris ko Afrilu, a dasa a Yuni ko Yuli bayan ruwa ya zauna. Kowane dashe a yi masa kariya da ƙaya ko kwando, a rubuta sunan mutum ɗaya da zai riƙa ba shi ruwa a rani, zai fi kyau ya zama a ƙofar gidansa ne, ko makarantarsu, ko masallacin unguwa. Goma da aka san masu su sun fi ɗari da aka bar wa kowa. Ranar 31 ga Agusta kuma, kafin a hau kujeru, a fara zagayawa da littafin sunaye a ƙirga nawa ne suka rayu.