Sirri da gado a JavaScript: inda masu koyo suke tuntuɓe

Cikin matasanmu da ke koyon JavaScript a Jidda da Makka, wanda ya fara da Java ya fi shan wahala. A Java aji (`class`) daga aji yake gado, a JavaScript kuwa abu daga abu yake gado. In ka nemi wata sifa a jikinsa ba a samu ba, sai a haura zuwa `prototype` ɗinsa, wato abin da yake gado daga gare shi, har ƙarshen sarƙar. Kalmar `class` da ta shigo a 2015 riga ce kawai aka ɗora wa wannan tsarin.

A ce kana rubuta manhajar motocin jigilar alhazai daga Mina zuwa Arfa, sai ka sa `Mota.prototype.fasinjoji = []`. To, duk motocin jeri ɗaya suke rabawa. Ka saka Alhaji a mota ta farko, sunansa ya bayyana a ta goma. Gyaran shi ne ka sa `this.fasinjoji = []` a cikin `constructor`, wato aikin da ke gudana duk sanda aka ƙirƙiri sabuwar mota, ka bar wa `prototype` ayyuka kawai.

Sai batun sirri: masu rubuta `_kudi` a ajin asusu suna ganin sun kulle kuɗin. Wannan alamar `_` roƙo ne, ba kwaɗo ba ne, kowa na iya canza riyal ɗin da ke ciki. Tun 2022 harshen ya amince da `#kudi`, wanda ke ɓoyewa da gaske.

Amma nan ne aka fi ruɗewa. Abin da ke da alamar `#` ba ya bin sarƙar gado ko kaɗan. In ajin ɗa, wato wanda ya gaji wani aji, ya rubuta `this.#kudi` na ubansa, `SyntaxError` zai fito tun kafin komai ya gudana. Wasu sai su sake ayyana `#kudi` a ajin ɗan, kuskuren ya ɓace, su yi murna. Alhali yanzu asusu biyu ne da ba su san juna ba, kuma a ganina wannan ya fi muni, domin shiru yake ɓarna. Bari uban ya ba da aiki kamar `duba` ko `ajiye`, ɗan ya bi ta nan.

Haka abin da ka ƙirƙira da `Object.create` daga wani asusu: zai gaji ayyukan, amma da ka kira wanda ke taɓa `#kudi` sai `TypeError`, don `constructor` bai gudana a kansa ba. Maimakon haka, yi amfani da `extends` don gadon aji, da `super` don kiran `constructor` na uban.